Cikin Fari: Yadda Naƙuda Take, da Lokacin da Ya Kamata a Tafi Asibiti

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Cikina na fari ne, ya shiga wata tara, yanzu haka ina gidanmu a Ɗorayi goyon ciki. Hajiya kakata ta ce kada na kuskura na tafi asibiti da wuri, wai sai ciwo ya kai ba na iya magana, don in na je da wuri ruwan naƙuda za su saka min ko su ce sai an yi min aiki. Ita kuma matar yayana sau biyu ana kai ta asibiti ana dawo da ita, wai da saura. Don Allah ki yi min bayanin yadda naƙuda take daga farko har ƙarshe, da yadda zan gane lokacin tafiya ya yi."

Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya sauke ki lafiya. In na fahimce ki, kin tsaya ne tsakanin magana biyu: Hajiya ta ce ki jinkirta, ga kuma abin da ya sami matar yayanki kamar yana gaskata ta. Maganar Hajiya da ƙanshin gaskiya, amma ma'aunin da ta ba ki ba zai yi ba, kuma zan faɗa miki dalili. Naƙuda hawa-hawa ce, abin da ya dace a yi a wani hawa shi ne yake halaka mace a wani. Abin da na daɗe ina gani a ɗakin haihuwa a nan Kano shi ne mun birkita abin. A farkon naƙuda, inda ake son haƙuri, nan muke gaggawa: a ɗura wa mace jiƙe-jiƙe, a kira mai kemis ya yi mata allura, a sa ta nishi tun hanya ba ta buɗe ba. A ƙarshenta kuwa, inda minti goma ma ya yi yawa, nan ake cewa a ɗan ƙara haƙuri, a jira maigida ya dawo daga kasuwa.

Ki fara riƙe wannan. Mahaifa tsoka ce mai ƙarfin gaske. Bakinta yana can ƙasa a tsuke, da kauri, tsawonsa kamar santimita uku, wata majina mai yauƙi ta toshe shi duk tsawon watannin ciki. Idan naƙuda ta tashi, saman mahaifa ne ke murɗawa yana jan bakin nan sama, har ya gajarce, ya yi fale-fale, sannan ya buɗe santimita goma, faɗin da kan jariri yake bukata. Sauƙin haihuwa ko wuyarta ya danganta ga ƙarfin wannan murɗawa, da faɗin ƙashin ƙugun uwa, da girman jariri da irin kwanciyar da ya yi. Ciki yana isa haihuwa ne tsakanin mako 37 zuwa 42. Ranar da aka rubuta miki a katin awo kintace ce kawai, mata kaɗan ne ƙwarai suke haihuwa a ranar cif.

Ciwon da yake sa a dawo da mace gida

A makonnin nan da kike ciki, cikinki zai riƙa ɗaurewa yana saki, wani lokaci har da ciwon mara, musamman da daddare ko bayan kin yi aiki. Wannan ba naƙuda ba ce. Ba shi da tsari, ya zo yanzu, ya ɓace awa biyu, in kin sha ruwa kin kwanta ta gefen hagu ko kin watsa ruwan ɗumi sai ya lafa. Naƙudar gaske ba ta jin lallashi. Takan faro daga baya ta zagayo mara, kuma duk awar da ta wuce tazarar tana raguwa, ciwon yana daɗewa, yana ƙara nauyi, ko kina zaune ko kina tafiya. Ina kyautata zaton irin ciwon farkon ne ya kai matar yayanki, ko kuma somin-taɓin naƙuda, aka auna aka ga bakin mahaifa yatsa ɗaya ne ya buɗe. Dawo da ita da aka yi ba wulaƙanci ba ne, ba kuma asara ta yi ba, tunda an ji bugun zuciyar ɗanta an gwada jininta kafin a ce ta koma.

Majinar nan da ta toshe bakin mahaifa za ta fito, wani lokaci da ɗan jirwayen jini. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, tana iya riga naƙuda da kwana ɗaya ko fiye. Fashewar faya kuwa maganarta daban. Ko ruwan ya ɓalle gaba ɗaya ko yana ɗiga kaɗan-kaɗan yana jiƙa zani, ko babu ciwo ko kaɗan, ki tafi asibiti a ranar. A gidajenmu sai a ce zaƙi ne yake fita, a bar shi ya gama zuba, har a ƙara wa mace maganin zaƙi. Fayar nan ita ce ta raba jariri da ƙwayoyin cutar da ke waje, in ta fashe ƙofa ta buɗe, kuma duk awar da aka ƙara haɗarin yana ƙaruwa ga ɗa da uwa. Ki dubi launin ruwan. In fari ne tas, ki shirya a natse ki tafi. In kore ne ko ruwan ƙasa, jariri ya yi kashi a ciki, wanda kan nuna ya galabaita, kada a tsaya haɗa kaya. In kuwa aka ga igiyar cibiya ta leƙo, mace ta yi goho, ƙirji a ƙasa, a kai ta a haka.

Mataki na farko: buɗewar bakin mahaifa

Nan ne mafi tsawo, kuma kashi biyu ne. Kashin farko daga fara ciwo mai tsari zuwa buɗewar santimita biyar. Shi ne mata ke kira naƙudar tsaye: kina jin ciwo amma kina hira, kina sallah, kina zaga tsakar gida. Ba shi da ƙayyadadden lokaci. Wata ta yi awa shida, wata, musamman mai cikin fari, ta kwana ta wuni. Muddin jariri yana motsi, faya ba ta fashe ba, babu jini, gida ya fi miki gadon asibiti a wannan lokacin. Ki ci abinci mara nauyi, ki sha ruwa da kunu, ki ci dabino, ki yi barci in ya samu. A Suratu Maryam ma, da naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino, ci da sha aka umarce ta. Macen da ta wuni da yunwa ita ce ƙarfi ke ƙare wa a lokacin da aka fi bukatarsa. To a wannan ɗan tsakanin, Hajiya ta yi gaskiya.

Kashi na biyu daga santimita biyar zuwa goma. Nan ciwo yake zuwa duk minti biyu zuwa uku, ya yi kusan minti guda bai saki ba. Bisa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, wannan kashin ba ya cika wuce awa 12 ga mai haihuwar fari, awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa. Wannan kashin a asibiti ya kamata ya same ki.

Ma'aunin da nake ba masu cikin fari shi ne agogo. In ciwo yana zuwa duk minti biyar, kowane zuwa ya kai kusan minti guda, kuma ya jera awa guda a haka, ki tafi. Ki ƙara da lissafin hanya. Daga Ɗorayi zuwa Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata da hantsi daban, da la'asar sakaliya lokacin cunkoso daban, ƙarfe biyun dare da babu adaidaita sahu a titi kuma daban. Wadda ta haihu sau uku ko huɗu ba na ce mata ta jira minti biyar ɗin ma, don tata takan zo a guje.

Dalilin da ya sa na ce ma'aunin Hajiya ba zai yi ba shi ne tarbiyyarmu. An horar da 'ya mace Bahaushiya cewa kukan naƙuda abin gori ne, haihuwar fari kuma abin kunya ce, ba a ma son a san kin fara. Sau da yawa yarinya za ta shigo da ƙafarta, ta gaishe ni a ladabce, na tambaye ta ciwo ta ce da sauƙi. Amma ina kallon yatsun ƙafarta suna ƙanƙame silifa, gefen hijabinta ya jiƙe inda take cizo, gumi yana tsattsafowa a kan hancinta. In na auna sai na tarar santimita takwas. Wata kuma za ta cika ɗaki da salati tana santimita biyu. Zafi da shiru ba sa faɗar inda naƙuda ta kai. Hannun wadda ta koyi aikin ne kaɗai yake faɗa.

Akwai kuma abubuwan da ba a duba musu agogo. Jini ja yana zuba kamar na al'ada ko fiye. Jariri ya rage motsi ko ya daina. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙahon zuci, kumburin fuska da hannu, waɗanda su ne 'yan aiken jijjiga, wato ciwon nan mai kama da farfaɗiya da ke kama masu ciki. Zazzaɓi. Ciki ya ƙame ya yi tauri ba ya saki. Ko naƙuda ta tashi ciki bai kai mako 37 ba. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa.

In kin isa, za a gwada hawan jininki da fitsarinki, a lalubi kwanciyar jariri, a saurari zuciyarsa duk rabin awa. Bugun da muke so tsakanin 110 ne zuwa 160 a minti. Awon bakin mahaifa da hannu duk awa huɗu ake yi, ba a yawaita shi saboda gudun shigar cuta, don haka kada ki ga ungozoma ta wuce ki ki ɗauka ta manta da ke. Ki yi ta tafiya in kina iyawa, ki riƙa yin fitsari akai-akai domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa kai hanya, in za ki kwanta ki kwanta ta gefe, ban da rigingine. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar mace da wanda take so a kusa da ita. Gaskiya a manyan asibitocin gwamnati masu cunkoso wuri ba ya cika bari, sai dai mahaifiyarki ta tsaya a bakin ƙofa ana miƙo mata saƙo.

Yanzu tsoron Hajiya na ruwan naƙuda. Tsoron yana da tushe. Tun shekarun 1950 da wani likita a Amurka, Emanuel Friedman, ya zana yadda bakin mahaifa ke buɗewa awa bayan awa, sannan a 1972 Philpott da Castle suka mai da shi takardar bin diddigin naƙuda a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, aka koyar da mu cewa santimita ɗaya a awa shi ne ƙa'ida, wadda ta gaza haka ta makara. Takardar ta ceci mata masu yawa daga doguwar naƙuda, amma ta kuma sa an ɗaura wa wasu ruwa alhali lafiyarsu ƙalau, jikinsu ne mai tafiyar hawainiya. A 2018 hukumar ta ce rashin kai santimita ɗaya a awa shi kaɗai bai isa dalilin sa hannu ba, kuma kada a hanzarta naƙuda kafin santimita biyar in uwa da ɗa suna lafiya. A 2020 ta fito da sabuwar takarda a kan wannan fahimta. Saboda haka in aka ce za a saka miki ruwa, kina da haƙƙin ki tambaya cikin ladabi: Sista, nawa na buɗe, kuma me ya sa?

Ruwan naƙuda maganin oksitosin ne a cikin ledar ƙarin ruwa, ana ƙirga ɗigonsa a minti, ana ƙarawa sannu a hankali, hannu a kan ciki, kunne a kan zuciyar jariri. Ana saka shi ne in murɗawar mahaifa ta yi rauni kuma an tabbatar hanya za ta ɗauki kan. Abin da ya kamata Hajiya ta ji wa tsoro shi ne wannan maganin a hannun wanda bai auna komai ba. Na taɓa karɓar wata mata mai haihuwa ta bakwai, an yi mata allurar a cinya a gida don ta huta da wuri, ashe jaririn a gicciye yake. 'Yan rakiyarta suna ce min ai ciwon ma ya lafa tun a hanya. Da na ɗora hannu sai na ji gaɓoɓin jariri a ƙarƙashin fatar ciki kai tsaye, idonta ya yi fari fat. Mahaifa ce ta yage. An ceto ta, amma babu ɗan, babu mahaifar. Ƙwayar misofurostol da ake cusa wa mata a gida haka take yi, haka ma wasu jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san ƙarfinsu. Rubutu da addu'a ban taɓa hana kowa ba, sai dai a sha a hanyar asibiti.

Daga santimita takwas zuwa goma nan ne ƙololuwa. Amai, rawar jiki, jin kamar kashi ya matso, da kalmar da kusan kowace mace ke faɗa: wallahi Sista ba zan iya ba. In na ji wannan nakan fara sa safar hannu. Kada ki yi nishi sai an auna an ce hanya ta buɗe duka. Nishi a kan bakin mahaifar da bai gama buɗewa ba yana kumbura shi ko ya yaga shi, ya mai da aikin awa ɗaya ya koma na awa huɗu. Ki riƙa fitar da numfashi ta baki a gajarce har guguwar ta wuce.

Mataki na biyu: fitowar jariri

Daga cikar buɗewa zuwa fitowar jariri, mai haihuwar fari takan gama cikin awa uku, wadda ta saba cikin awa biyu, da yawa ma ba sa kai rabin haka. Jariri ba zurarowa kawai yake yi ba. Yakan sunkuyar da kai haɓa ta taɓa ƙirji, ya shigo ƙugu ta gefe, ya juya fuskarsa ta kalli bayan uwa, ya zagaye ƙashin gaba yana ɗaga kai, in kan ya fito ya sake juyawa gefe don kafaɗu su sami hanya. Ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba, shi ya sa kike ganin maɗiga, suna ɗan hawa kan juna ya samu ya wuce. In kin ga kan ɗanki ya yi tsini ranar farko, ki hana kowa mulmula shi da ruwan zafi, da kansa zai koma.

Ki yi nishi lokacin da ciwo ya zo, ki huta in ya tafi, ki tura ƙarfin ƙasa ba maƙogwaro ba. A nan zuciyar jariri duk minti biyar ake saurara. Durƙuson da iyayenmu suka saba ba kuskure ba ne, yana ma taimaka wa kai saukowa, kuma ƙa'idar yanzu ta yarda mace ta haihu a yanayin da ta zaɓa in wuri ya ba da dama. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne wata ta hau kan cikinki tana dannawa. In kai ya cika ƙofa za ki ji zafi kamar wuta, ungozoma za ta ce ki daina nishi ki yi haki. Ki ji maganarta a wannan daƙiƙar, don fitowar kai a hankali ita ke rage yagewa. Ƙari kuma, wato ɗan yankan da ake yi don faɗaɗa ƙofa, ba dole ba ne ga kowace mai haihuwar fari kamar yadda ake yi a da. Ana yinsa ne in jariri ya galabaita ana son ya fito da sauri, ko za a sa na'urar jawo shi, kuma da allurar kashe zafi ake yi a ɗinke.

Nan haƙuri yake ƙarewa. In mace ta yi ta nishi kai bai sauko ba, ko dai kan ya fi ƙugu, ko kwanciyar ba daidai ba ce, kuma ƙarin lokaci ba ya gyara ko ɗaya. Kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa naman, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki da haihuwa ya zube ya bar rami. Asalin yoyon fitsari ke nan. Duk mai shakka ya je cibiyar Laure da ke cikin Asibitin Murtala ya ga 'yan matan da ke jiran gyara, akasarinsu kwana biyu ko uku suka yi a kan gwiwa a gida, kuma akasarinsu ba su tashi da ɗan ba. Yankan gishiri da wanzami ko tsohuwa ke yi da sunan buɗe hanya ba ya taɓa inda matsalar take, tunda ƙashi ne ya tare ba fata ba, sai dai ya ƙara zubar jini ko ya huda mafitsarar da kansa. A irin wannan hali aiki shi ne rahama. Kuma zuwa a kan lokaci ba shi ke jawo aiki ba. Wadda aka yi wa a kan lokaci takan tashi da ɗanta da mahaifarta, kuma da yawa suna haihuwa da kansu a gaba.

Mataki na uku: mabiyiya

Jariri ya yi kuka, 'yan rakiya sun fara kiran waya ana barka, kowa ya juya wajen ɗa. Ni kuwa a nan hankalina ya fi tashi, domin zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Inda mabiyiya ta manne a jikin mahaifa, in ta saɓule takan bar rauni mai faɗin ƙaramin faifai, jijiyoyin jini a buɗe, a wurin da jini kusan rabin lita ke ratsawa duk minti a ƙarshen ciki. Ba ɗinki ke tsayar da shi ba. Mahaifar ce take dunƙulewa ta yi tauri ta shaƙe jijiyoyin. In ta gaji ta saki, mace tana iya ƙarewa cikin awa biyu.

Shi ya sa cikin minti guda da fitowar jariri muke yi wa kowace mace allurar oksitosin a cinya. Maganin da na ce yana yaga mahaifa in ɗa yana ciki, shi ne mai ceto in ɗa ya fito. Sai dai yana son sanyin firji, zafin Kano yana kashe ƙarfinsa, wani dalilin ke nan da ba na amincewa da wanda ya kwana a kantar kemis. Inda babu allurar, ƙwaya uku ta misofurostol ake ba mace ta sha bayan an tabbatar babu wani ɗan a ciki. Ana shanya jariri a ƙirjin uwa a goge shi a lulluɓe, a jira minti ɗaya zuwa uku kafin a yanke cibiya don ya ƙarasa karɓar jininsa. Sannan ungozoma ta tare mahaifa da hannu ɗaya ta saman mara, ta ja igiyar a hankali da ɗayan. Yawanci cikin minti goma mabiyiya ta faɗo. Kafin a ba ku ita ku binne sai mun shimfiɗa ta mun duba ko ta cika, don guntun da ya maƙale ya isa ya hana mahaifa dunƙulewa.

In ta wuce rabin awa ba ta fito ba, ta maƙale ke nan. A gida nan ake ba mace kwalba ta hura, a cusa mata muciya a baki don ta yi kakari, a turara barkono, ko a ja igiyar da ƙarfi har ta tsinke ko mahaifar ta juyo waje. Duk wannan lokacin jini yana tafiya, ana cewa ai mara kyau ne yake fita. Babu wani jini mara kyau da ya kai cika zani biyu. Abin da ya kai rabin lita zubar jini ce, kuma ido yana raina shi, musamman in zani da katifa sun shanye. Wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, ya gwada shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mace don a ga adadin jinin da ido, sannan a haɗa magungunan gaba ɗaya maimakon a gwada ɗaya a jira. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano tana cikin jagororin aikin. Ko da naƙudarki za ta zo da sauƙin da za ki iya haihuwa a ɗakin mahaifiyarki, wannan rabin awar kaɗai ta isa dalilin zuwa asibiti.

Awa biyun farko, da kwanan farko

Bayan mabiyiya, duk minti goma sha biyar za a riƙa taɓa cikinki a ji mahaifa ta yi tauri a wajen cibiya, a duba ƙunzugu. Ke ma ki koyi taɓawa, in kin ji ta yi laushi ki murza ki kira Sista. Ki sa jariri a nono cikin awar farko. Dakashin nan mai ruwan ɗorawa da ake matsewa a zubar shi ne rigakafinsa na farko, tsotson kuma yana sa mahaifa ta ƙara dunƙulewa. Wankan jariri a bari sai ya kwana, na san za a ce zai yi ƙarni, ba zai yi ba, sanyi ne abin tsoro. Cibiya a shafa mata man kulohekzidin da ake bayarwa, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma.

Kada ki matsa a sallame ki kafin awa 24 don 'yan barka sun cika gida. Jijjiga tana iya zuwa bayan haihuwa. Maganinta allurar magniziyam salfet ce, wadda da aka shigar da ita asibitoci goma na jihar nan a 2008, mace-macen masu wannan ciwo suka sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Maganar wankan jego da kunun kanwa doguwa ce, amma in maijego ta fara haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi, zuciya ce, a kai ta asibiti a daina cewa sanyi ne ya shige ta.

Duk abin da na faɗa na macen da cikinta ke lafiya ne, ɗa ɗaya, kai a ƙasa. Ni ban taɓa cikinki ba, ban ga katinki ba. In tagwaye ne, ko jariri a zaune yake ko a gicciye, ko hoton ciki ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare hanya, ko kina da hawan jini, sikila, ciwon suga ko ƙarancin jini, to lissafin minti biyar ba naki ba ne, likitan da ke ganinki shi zai sa miki rana da wuri. A awonki na gaba ki tambayi mai duba ki abu huɗu: yaya kwanciyar jariri, nawa ne jinina, mene ne rukuninsa, kuma asibitin nan ana yin aiki da ƙarin jini da daddare ko sai an tura mutum gaba. Maigidanki ya tanadi mai mota ko mai adaidaita da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare, da mutum biyu da za su iya ba da jini, ya kuma faɗa wa mahaifinki tun yanzu cewa in ba a same shi ba ya yarda a sa hannu a madadinsa. Hajiya kuma ki roƙe ta ta raka ki awon, ta ji daga bakin ungozoma, don in dare ya yi ita za a tambaya ko a tafi.